Tabilet Marar Layi

Ranar da Malam Gambo ya je saya wa 'yarsa Harira tabilet, mai shago ya ajiye masa biyu: mai ɗaukar layi, da wadda sai an jona ta da waya. Ya zaɓi ta biyun. A ganinsa budurwa ba ta riƙe layi ita kaɗai. In za ta shiga intanet, ta shiga ta wayarsa, yana gani.

Bai san darasin share fagen shiga jami'a da Harira za ta bi ta intanet da hantsi ake yin sa ba, daidai lokacin da yake ɗauko kayan miya daga Rigachikun a keke-napep ɗinsa. Ya koma shagon jiya, aka ce ba a canza abin da aka buɗe.

Yau ga keken tsaye a ƙofar gida a Hayin Banki, shi yana zaune ciki, wayar tana kan tagar ɗakin Harira. Sai ta yi ƙara.

"Baba, ya sake yankewa," in ji Harira daga ciki. "Da kira ya shigo sai malamin ya tsaya cak."

Gambo ya je ya duba wayar. Hajiya Talatu ce, mai tumatirin da yake wa dako kullum. Ya katse kiran. Ta ƙara kira, ya ƙara katsewa, kunya ta kama shi kamar tana gabansa.

"Ci gaba, uwata," ya ce.

Can sai saƙo ya shigo, Hajiya ta samu wani mai keke. Gambo ya karanta, ya mayar da wayar kan taga, ya matsar da ita inda rana ba za ta taɓa ta ba, ya koma ya zauna.