Dodo a Gidan Meguro

Shekara huɗu Kiyoto bai taka gidan da 'yarsa take ba, sai ga shi a jajibirin sabuwar shekara za a buɗe masa ƙofar, har a zuba masa giya. Sharaɗin ɗaya ne, ba da fuskarsa zai shiga ba.

Ni ba zan wanke shi ba. Da ƙafarsa ya bi jirgin kamun kifi mai wata da watanni a teku, in ya dawo kuma kwalba ce matarsa. Yukari ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ita, ta karɓi takardarta, alƙali ya ba ta yarinyar, Kanoko, lokacin tana koyon magana. Daga baya ta auri Meguro, akawun ƙungiyar masunta, mutumin da ko neman laifinsa kake sai ka gaji. Kiyoto ya bar giya, amma a makare. Ƙauyen nasu, a gaɓar teku a yankin da ake kira Oga, layi ɗaya ne, teku a gaba, dutse a baya, in dusar ƙanƙara ta sauko hanyar ma rufewa take. Kullum yana hango jar hular yarinyar tana wucewa ta bayan ma'ajiyar taru. Ya bar garin ya kasa, ya je ya ce mata ni ne ubanki kuma an hana.

Al'adar ƙauyen ce, duk jajibirin sabuwar shekara maza su ɗaura fuskar katako su zama dodannin da ake kira Namahage, su bi gida-gida suna tsorata yara. Da yamma a zauren ƙauye, tsoho Kamada, jagoran da ke shige wa dodanni gaba, yana ɗaura masa rigar karan shinkafa yana mita.

"A zamaninmu sai saurayi ke saka fuskar Namahage. Yanzu samarin duk sun gudu birni, sai ragowar tuzurai da waɗanda mata suka gudu suka bari."

"To ai na cancanta ke nan, Kawu."

"Ka cancanta har da ƙari. Ɗaga hannu." Ya ja igiyar da ƙarfi, ya sassauta murya. "Gidan Meguro na cikin rabonku. In ba za ka iya ba, faɗa mini tun yanzu."

"Zan iya."

"Ba a cire fuska a gidan mutane. Ba a magana da muryar gida. Dodo daga dutse yake, ba shi da 'ya a ƙauyen nan. Ka ji ni ko?"

Ya ji. Da babu gara ba daɗi.

Fuskar ja ce, mai ƙaho da haƙoran gatari, cikinta warin gumin mazan da suka daɗe da mutuwa. Da aka ɗaure masa ita sai duniya ta koma ramuka biyu ƙanana. Numfashinsa yana dawo masa da ɗumi, ba ya ganin ƙafarsa, sai bayan abokin tafiyarsa Noboru mai shuɗiyar fuska da fitilar tsoho tana lilo a gaba. Suka shiga gida ya fi biyar, duk tsofaffi, ba yaron da za a tsorata. Wata tsohuwa ma dariya ta yi ta ce dodon bana ya rame.

A ƙofar Meguro tsoho ya shiga ya yi tambayar al'ada, ko an yi rasuwa ko haihuwa a gidan bana, don in an yi dodo ba ya shiga. Kiyoto yana tsaye cikin sanyi, wallahi bai san amsar da yake fata ba. Tsoho ya leƙo ya ɗaga fitila, alamar su shigo.

Suka buga ƙafa, suka daki ƙofa, suka faɗa ciki da gurnani. "Ina yaro mai kuka! Ina marar jin magana!" Noboru ya yi ɗakin baya yana bankaɗe labule. Kiyoto kuwa bai sha wahalar nema ba, ƙafa biyu cikin farar safa sun leƙo daga ƙarƙashin bargon teburin ɗumama. Ya sa hannu ya jawo Kanoko, ya ɗaga ta sama yadda ake yi.

Ashe ta yi nauyi haka. Haƙorinta na gaba ya faɗi, ba wanda ya gaya masa. A bayan kunnenta akwai ɗan tabon nan irin na uwarsa. Yana ta haɗa kamanninta gutsure-gutsure ta cikin ramukan, ita kuma tana shure-shure, tana dukan ƙahon da ɗan hannunta. Ya juya ya nufi ƙofa, don haka wasan yake, dodo ya yi kamar zai tafi da yaro dutse.

"Baba!"

Saura ƙiris ya amsa. Bakinsa har ya buɗe a cikin katakon. Sai ya ga inda hannayenta suka miƙa.

Meguro ya taso ya kama ta ta ƙugu, ya ja. A nan dodo yake saki, kowa ya san haka, amfanin zuwansa ke nan, yaro ya ga ubansa ya ƙwace shi daga hannun abin tsoro. Kiyoto bai saki ba. Yukari tana tsaye da faranti a hannu, ta san ko waye, kowa ya sani, ban da wadda ake ja. Ƙofa tana buɗe a bayansa, iskar teku na shigowa, amma ina za shi? Layi ɗaya ne, kuma hanya a rufe.

Meguro ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, dodo. Yarinyar kirki ce. Tsoro take ji."

Ya saki. Ta maƙale a wuyan Meguro kamar za ta shige cikin rigarsa.

Aka zaunar da su a tabarma, aka kawo kifi da curin shinkafa. Meguro ya zuba wa Kiyoto giya. Kiyoto ya kai ƙoƙon bakin fuskar ya mayar da shi a cike. Noboru ne ya yi tambayoyin da aka saba, ya noman bana, ya kamun kifi, uwargida tana tashi da wuri kuwa. Da suka miƙe, saura kalmar ƙarshe, wadda dodo kan faɗa wa maigida, cewa in yaro ya gagara a fuskanci dutse a tafa hannu, zai sauko.

Kiyoto bai kalli maigida ba. Ya durƙusa har karan rigarsa ya zube a ƙasa, ya nemo yarinyar ta cikin ramukan. Gurnanin ya ƙi fita sosai, rabi dodo rabi mutum.

"Ke Kanoko. Duk ranar da kike so na zo, ki kalli dutse ki tafa hannu. Ko da rana, ko da damina. Zan ji."

Ta leƙo da ido ɗaya daga kafaɗar Meguro. Ta dubi fuskar, ta dubi tafin hannunta. Sai ta cusa hannayen biyu a hammata, ta matse su gam.

"Ba zan tafa ba," ta ce cikin shessheƙa. "Baba, ka gaya masa ko a makaranta ba zan ƙara tafi ba."

Tsoho Kamada ya taɓa kafaɗar Kiyoto da fitila, ya ce saura gida uku.