Ɗakin Ƙoran Goggo Kaltume

"Ku ɗago ni, ba a maganar dukiya a kwance," in ji Goggo Kaltume.

Luba maƙwabciyarta ta tallafo ta. A bakin ƙofa ga Abdulƙadir, ɗan tsohuwar, da wani dillali daga Kano, sai ƙare wa bango kallo yake yi tun mai rai ba ta cika ba. Abin kallo kuwa akwai shi: ƙorai masu zane har rufi, ga tasoshin tagulla da faya-fayai.

Kowa ya san Goggo da son tarkace, amma yadda suka taru ba a faɗa. Tun shekarar da fari ya ƙone gonaki, macen garin nan ta gwammace ta kwana da yunwa da ta yi roƙo. Sai ta ɓoye ƙwarya a mayafi ta shigo wurin Goggo. Goggo ta jujjuya ta, ta ce, "Kai, wannan zane! Sayar mini mana," ta cika mata zani da gero. Ƙwaryar auren Luba ma tana can sama. Geron da aka ba ta a kanta ne ya raya 'ya'yanta, ko mijinta bai sani ba.

"Inna, rumbu ya ƙare," in ji Abdulƙadir. "Mutumin nan da hatsi zai biya."

"Ɗan nan, ka taɓa jin an ci gadon ajiya? Ba nawa ba ne. Mai kaya ta zo ta ɗauka. In ba ta zo ba, a bar mata."

Kafin la'asar ta cika. Allah ya jiƙan Goggo, ta yi wa garin nan uwa.

Bayan sadakar bakwai Abdulƙadir ya buɗe ɗakin, ya ce kowa ta ɗauki nata. Mata suka cika ɗaki ana kallon-kallo. To, wa za ta miƙa hannu ta tona wa gidanta asiri? Luba ta share hawaye, ta ce, "Ni dai kallo na zo."

"Mu ma haka," in ji sauran.

Shi ke nan ɗakin ya zama na gari, har 'yan makaranta ake kawowa daga Makoda su ga aikin mutanen da. Da kaka ta yi, damman gero suka riƙa bayyana a zauren Abdulƙadir, ba a san mai kawowa ba.

Ran Juma'a mata kan zo shara. Luba ta ga Sauda matar maƙeri ta sauko da ƙwaryar auren ita Luba tana goge mata ƙura a hankali. Luba ta miƙa hannu ta ɗauko ta Sauda, ita ma ta hau gogewa.