Wandon Enoch a Kan Kasko

Angelina ta matse wandon har tafin hannunta ya yi ja, sannan ta ɗaga labule ta leƙa tsakar gida. Ga igiyar shanya, ga rana ta fito bayan ruwan safe. To amma wace mahaukaciya ce za ta shanya wandon namiji a gidan da kowa ya san an tafi da maigidan daji tun farkon damina?

Jiya mijinta Enoch ya kuɓuto daga hannun 'yan bindiga, ya shigo ta bayan gida, ƙafafu a farfashe, kaya duk ƙwarƙwata. A ƙauyen nan na gefen Tabanni, ba ka san wanda ke kai wa mutanen daji labari ba. Wanda ya gudo kuwa biyo shi suke yi, kuma ba shi kaɗai ke shan hukuncin ba.

Sai ta yi yadda mata ke yi wa kayan jarirai da damina. Ta zuba garwashi a kasko, ta kife kwando a kai, ta baza wandon da rigar. Enoch na kwance ɗaure da zanenta, barci ya riga ya yi gaba da shi.

"Baban Loveth, zan je in sayo maganin ƙafar nan. Ka sa ido a kan wutar."

Ya motsa baki, ta ɗauka ya ji. Ta ja ƙofa, ta danna kwaɗo ta waje don kada wani ya yi sallama ya kutso kai.

Tana hanyar dawowa daga kyamis ta hango hayaƙi baƙi ƙirin. Nan take ta tuna ƙafar wandon da ta bari tana lilo dab da bakin kasko, ga shi wandon gwanjo ne mai roba-roba. Ta watsar da maganin ta zura a guje.

Ta tarar jinkar ɗakinta ta kama ganga-ganga. Maza na ta miƙon bokiti, amma ba ɗakin suke watsa wa ruwa ba.

Maƙwabciyarta Azumi ta rungume ta. "Ki gode Allah, Maman Loveth! Mun ga kwaɗo, ba kowa a ciki, yarinya kuma tana makaranta. Ɗaki ya riga ya tafi, rumbun muke ceto miki."

Angelina ta fizge ta nufi ƙofa da makulli, hucin wuta ya koro ta. Ta juyo ta dubi fuskokin nan. Duk ta san su, da su ake biki, da su ake makoki, kuma babu ɗaya da za ta iya rantsewa a kansa. Daga ciki ta jiyo tari.

"Enoch na ciki! Ku taimake ni, mijina na ciki!"

Da gatari da taɓarya aka fasa bangon baya. Aka jawo shi yana haki, gashin kansa a babbake, zanen matarsa a ƙugu. Aka shiga yi masa barka da arziki, har da masu hawaye. Can sai barkar ta fara yin sanyi, mutane suna satar kallon juna.

Dattijo Bakoji ya tuɓe rigarsa ya miƙa masa, bai iya haɗa ido da shi ba.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Ba za ka kwana a garin nan ba. In suka zo, mu duka ne."

Enoch bai yi musu ba. Aka ɗora shi a bayan babur, ƙafafun nan ko takalmi babu, aka nufi Birnin Gwari da shi. Ko ruwan sallama bai sha a hannun matarsa ba.

Angelina ta zauna a kan turmi tana kallon ɗakin yana cinyewa, baƙin ciki ya hana ta ko da kuka. Mata suka riƙa kwashe bokitansu ɗaya bayan ɗaya. Azumi ce ta ƙarshe. Ta daɗe tsaye tana murza bakin mayafi.

"Allah Ya mayar da alheri," in ji ta.

Ba ta ce ta zo su kwana ba.