Yatsun Yaya Celina

Mijina Ayuba, Baban Gloria, yana da basira, amma taurin kansa ya fi basirar yawa. Tun da masaƙar da yake aiki ta rufe ya buɗe shagon walda a Narayi, yana ƙera injinan noma. Takardun mallakar fasaha biyu ne rataye a falonmu, ta injin ɓare masara da ta na gyaɗa. Kullum sai ya goge gilashinsu.

Na ukun shi ne na zuciyarsa, injin sarrafa citta, saboda yayarsa Celina. Ita ta raine shi a ƙauye, da aikin citta ta sa shi makaranta, wuƙa ta yi wa yatsunta kaca-kaca. Ya rantse sai ya raba ta da wuƙar nan.

Sai wani lauya ya ce masa kada kowa ya ga injin kafin takarda ta fito, za a sace masa fasaha. Shi ke nan! Shekara uku ƙarfe na lulluɓe da tampol. Ni kaina in na kai abinci, a bakin ƙofa nake tsayawa kamar mai talla.

"Baban Gloria, ka kira Yaya ta duba mana."

"Maman Gloria, ba ki san doka ba."

To, na ajiye masa abincinsa na juya.

Takarda ta fito a watan Janairu. Yaya Celina ta zo da buhun ɗanyar citta, maƙwabta suka taru. Ya tayar da inji, citta ta riƙa zubowa fale-fale, a kewaye, kamar yankan albasa. Aka yi ta tafi. Yaya ba ta tafa ba. Ta ɗauki guda ta jujjuya.

"Ayuba, wa ya ce maka yanka citta ake yi? Tsaga ta ake yi a tsaye, gida biyu. Wannan 'yan kasuwa ko kallonta ba za su yi ba."

Ashe tun yana yaro tabon yatsunta yake gani, bai taɓa kallon yadda wuƙar ke bi ba. Na buɗe baki zan ce ai na faɗa maka, da na ga fuskarsa tausayi ya kama ni, na haɗiye.

Ya kashe injin, ya ɗauko wuƙa, ya durƙusa gabanta.

"Yaya, nuna mini."

Ta karɓa, wuƙar ta suɓuce ta faɗi. Ta sake ɗauka, ta sake faɗuwa.

"Tun bara na daina, ƙanena. Yatsun sun ƙi riƙo."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"An ce kana aikin da ba a so a dame ka."

Shekara talatin muna tare, ban taɓa ganin hawayen mutumin nan ba sai ranar. Ya ɗauki wuƙar, Yaya ta ɗora tanƙwararrun yatsunta a kan hannunsa, ta bi da wuƙar tsawon cittar har ta rabu biyu.

"Haka ake yi. Tashi ka gyara shi. 'Ya'yana mata suna can da tasu wuƙar."