Littattafan Inna Baiwa Ungozoma

Inna Baiwa ta fi shekara arba'in tana karɓar haihuwa a Zangon Agege kafin ganinta ya yi rauni ta ajiye aikin. Ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba. Amma a shekarar 1957 wata nas ta tara ungozomomin unguwar ta ce kowace ta riƙa sa ana rubuta mata duk haihuwar da ta karɓa. Sauran sun yi wata biyu suka watsar. Ita kuwa mijinta, Malam Yari mai ɗinkin hula, mutum ne mai son alƙalami. Duk lokacin da ta dawo, kafin ta wanke hannu ta ci abinci, sai ya ɗauko littafi ya rubuta da ajami: rana, wata, sunan uwa, gidan wane, mace ko namiji. Da ya rasu, 'yarsu Kalsum, wadda ke koyarwa a wata firamare kusa da layin dogo, ta ci gaba daga inda ya tsaya. Littattafan suka kai goma sha ɗaya, suna cikin wani akwatin kwano a ƙarƙashin gadon Inna.

A damunar shekarar 2000, wata ranar Laraba da hantsi, aka yi ruwan da ya cika kwata ta juyo cikin gidaje. Kafin Kalsum ta dawo daga makaranta ruwa ya kai ƙauri a ɗakin Inna. An ɗauke tsohuwa, an ɗauke katifa, ba wanda ya tuna da akwatin. Sai washegari Kalsum ta jawo shi, ta tarar littattafai huɗu na ƙasa sun jiƙe sharkaf.

Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda rana ta fi bugawa, ta fara jera su a buɗe. Tana cikin haka ta ji an ɗaga murya daga tsallaken layi.

"Malama! Kar ki yi! Ɗauke su daga rana!"

Maƙwabciyarsu ce, Chundung, 'yar Jos, wadda kowa ke kira Maman Caroline. Ta yi shekara ashirin da biyu a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikatar tarayya, da ma'aikatar ta koma Abuja ta yi ritaya ta zauna tana sayar da zobo. Tsakaninta da Kalsum gaisuwa ce kawai. Ta tsallako kwata da silifas ɗinta a hannu.

"Rana za ta murɗe takardan, shafi ya manne da shafi," in ji ta. "In kin ja, rubutu ya tafi. Kina da fanka?"

"Akwai, in an kawo wuta."

"To mu kai su inuwa. Ki nemo mini farar takarda wadda babu komai a kai, da yawa."

Kwana tara suka yi a kan littattafan nan huɗu. Chundung takan ɗaga shafi da bakin wuƙar cin abinci, a hankali, ta sa farar takarda a tsakani, in ta sha ruwa ta canza wata. In babu wuta su yi fifita da murfin kwali. Inda tawada ta narke ba yadda za a yi, shafi goma sha bakwai sun tafi. Sauran suka tsira, duk da sun yi tabo.

Chundung ba ta karanta ajami, don haka sai a rana ta uku ta tambayi mene ne a ciki. Da Kalsum ta karanta mata layi biyu, ta ajiye wuƙar ta daɗe tana kallon tarin.

"Kin san mutum nawa ne a nan?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba."

"A ofishinmu na ga mutane suna kuka don takarda ɗaya ta ɓace. Ku kuma kuna da rabin Agege a ƙarƙashin gado."

Ita ta kawo tsarin. Kowane littafi ta ba shi lamba, kowane shafi ta rubuta masa lamba da fensir a kusurwa, ta hana a taɓa su da biro. Ta samo gutsattsarin farin kwali a wurin wani mai ɗab'i a Iyana Ipaja, suka yanka su daidai tafin hannu. Kullum bayan la'asar Kalsum takan karanta, ta duba wani ɗan littafin jadawali ta mayar da watan Musulunci zuwa na bature, Chundung kuma ta rubuta a kati da boko, ta jera a kwalin takalmi bisa sunan uwa. Inna Baiwa tana gefe a kan tabarma. In aka kira suna takan ce, "Wannan ai ta wahala, ƙafa ya fara sakowa," ko kuma, "Gidan nan yanzu shagon taya ne."

Labari ya bazu. Lokacin sojoji sun koma bariki, kowa na neman takarda: mai neman fansho, mai neman fasfo, mai son tsayawa kansila. Da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, sai dai a ce musu shekarar da aka yi kaza. Suka fara sallama a ƙofa. Kalsum takan rubuta wa mutum ranarsa a takarda, shi ya san inda zai kai. Wata mai abinci ta zo da fara'a, ta tafi tana tsaki, don an gano ta girmi shekarun da take faɗa da biyar.

A littafi na biyu, shafi na sittin da huɗu, Kalsum ta fara karantawa da ƙarfi kamar kullum, sai ta tsaya a tsakiya.

"Ci gaba mana," in ji Chundung.

Kalsum ta rage murya. "Alhamis, tara ga Rajab, 1382. Namiji. Uwa Abike, matar Zulkifilu mai ɗaurin goro. Ta rasu kafin azahar. An ba Azumi matar Harisu."

Azumi tana nan da ranta, gida huɗu tsakaninsu. Ɗanta na fari, Sale, direban danfo ne, motar hayar nan ta Legas, kuma duk Zango ba wanda ya taɓa jin an ce ba ita ta haife shi ba.

Kalsum ta juya. "Inna, kin ji?"

"Na ji," in ji tsohuwar. "Bayarabiya ce, yarinya ƙarama. Jini ne ya ƙi tsayawa. Mijinta yaron Harisu ne, yana ɗaure masa goro. Bai yi wata uku ba ya bi jirgi ya tafi Arewa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Azumi kuma sati biyu kafin nan ta haifi nata bai zo da rai ba, nono na zuba. Ni na ɗauke shi na kai mata."

Chundung ta rubuta katin kamar sauran, amma ba ta sa shi a kwalin takalmi ba. Ta sa shi a ambulan, ta liƙe, ta rubuta lambar littafi da ta shafi a baya.

"Akwai fayil da ake rufewa," ta ce. "Ba a yar da shi, ba a kuma ba kowa. Sai mai shi."

"To wane ne mai shi a nan? Azumi ko Sale?"

Chundung ta ce wannan kam ba a koya mata ba.

Ba a yi wata guda ba Sale ya yi sallama. Wani kamfani ne ke ɗaukar direbobi, ana son takardar shekaru. Dogo ne, mai yawan raha, sai dai tun rikicin Hausawa da Yarbawa na kasuwar Mile 12 bara, inda ya rasa amininsa, in aka ambaci Yarbawa fuskarsa takan canza, ko da yake yarensu a bakinsa kamar Hausa yake.

"Anti Kalsum, an ce ke ce oga mai ranar haihuwa. A duba mini tawa."

Ta rubuta masa: shida ga Disamba, 1962. Ya karɓa ya yi murmushi.

"Ashe na tsufa. Nuna mini wurin mana, in ga rubutun Malam Yari. Ai na yi allo, zan iya karantawa."

"Littafin yana cikin waɗanda suka jiƙe," in ji Kalsum. "Ba a buɗe shi yanzu."

Ya ce ba komai, zai dawo in ya bushe. Da ya fita, Kalsum ta zauna tana juya abin da ta faɗa masa. Rabin maganar gaskiya ce, amma ta san dalilin da ya sa ta faɗe ta. Washegari da safe, kafin ta wuce makaranta, ta shiga gidan Azumi ta gaya mata komai.

Azumi ta zo da yamma, ta zauna kusa da Inna Baiwa, ba ta ko taɓa ruwan da aka kawo mata ba.

"Yaya Baiwa, ashe rubutawa kuka yi?"

"Kowa an rubuta shi, Azumi."

"To a cire shafin. Kalsum, ki yage shi ki ba ni. Shekara talatin da bakwai ina riƙe da yaron nan. Harisu ya mutu bai faɗa ba. Yanzu da garin nan yake haka, da abin da ke ransa, za a ce masa uwarsa Bayarabiya ce?"

Chundung ce ta amsa, da ladabi, tana ɗan durƙusawa.

"Mama, ki yi haƙuri. A shafin nan akwai yara goma sha ɗaya, gaba da baya. In an yage, su ma sun tafi. Kuma ita wannan yarinya da ta mutu, ban san ko akwai wani wuri a duniya da aka rubuta sunanta ba, sai nan. Ba za mu nuna wa kowa ba. In kin ce a rufe, a rufe yake. Amma ba za mu yage ba."

"Ke ina ruwanki? 'Yar gidan ce ke?"

"Ba 'yar gida ba ce ni, Mama. Aikina ne kawai."

Azumi ta tashi ta fita ba sallama. Sati uku ba ta amsa gaisuwar Kalsum. A cikin kwanakin Sale ya leƙo sau biyu yana tambaya ko littafi ya bushe, Kalsum tana ce masa tukuna.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga Azumi da Sale tare. Ta sa mayafinta na fita unguwa. Ta ce masa ya zauna, ya zauna a bakin ƙofa yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Na kwanta asibiti bara, kai ka sani," ta ce masa. "Na ga in na tafi, a bakin wani za ka ji, ko a takarda. Gara ka ji ina zaune. Kalsum, buɗe masa."

Kalsum ta ɗora littafin a kan matashi, ta buɗe shafin. Sale ya bi layin da yatsa ba tare da ya taɓa takardar ba, leɓɓansa na motsi. Ya karanta sau biyu. Ya ɗago.

"Iya, wace ce Abike?"

"Ita ta haife ka. Ni na shayar da kai."

Inna Baiwa ta ba shi labarin ranar daga farko har ƙarshe, yadda ta ba Kalsum, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta ce abin da ta sani game da yarinyar kaɗan ne: tana sayar da gasasshiyar ayaba a bakin tasha, mutanenta kuma daga wajen Ipaja suke, babanta maƙeri ne. Su suka zo suka ɗauki gawarta. Jaririn kuwa uban ya hana su, daga baya shi ma ya gudu ya bar shi.

Sale bai yi kuka ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tambaya ko Abike ta gan shi kafin ta rasu. Inna ta ce ta gan shi, har ta riƙe shi. Ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya ce, "Iya, tashi in raka ki gida, rana ta yi."

Ya samu aikin kamfanin. Wata biyu ba a gan shi a gidan Inna ba, kuma Azumi ta ce a gida ma ba ya tayar da maganar, sai dai ya rage hira. Kalsum da Chundung suka ci gaba da aikinsu. Da suka gama littafi na shida, Chundung ta nace aka kai waɗanda aka gama wurin mai hoton takardu, aka yi kofi biyu. Ɗaya aka kai ɗakin littattafan masallacin unguwa, ɗaya tana ajiye da shi a ɗakinta, don kada ruwa ko gobara su sake samun su wuri guda. Shafi na sittin da huɗu, da wasu uku irinsa da suka ci karo da su daga baya, sun rufe layukan da farar takarda kafin a ɗauka.

Bayan Sallar Layya Sale ya dawo. Ya ce Lahadi shida yana zuwa Ipaja yana bin maƙera ɗaya bayan ɗaya. A ta shida aka kai shi wurin wata tsohuwa mai sayar da manja, ƙanwar Abike. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, ta kama kunnensa ta juya shi ta duba, ta ce kunnen yayarta ne, sannan ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Kabarin ba a san inda yake ba, an yi gini a wurin tun tuni.

Ya ciro wani ƙaramin hoto da tsohuwar ta ba shi daga aljihun gaba. 'Yan mata biyu ne a tsaye da ɗaurin ɗankwali iri ɗaya, gefe guda ya cinye, fuskar ta hagun ta fara dushewa.

"Ita ce ta hagu," ya ce. "Maman Caroline, ina so in kai a manne shi da leda, kar ya ƙarasa lalacewa."

"Kar ka yarda," in ji Chundung. "Zafin injin zai ƙona shi, kuma ba ya ciruwa. Ka kai wa mai hoto ya ɗauki hotonsa, ka rataye sabon. Wannan kuma ka sa shi a nan."

Ta ba shi farar ambulan, ta ce ya ajiye a sama, nesa da bango mai danshi. Ta miƙa masa fensir ya rubuta sunan a bayan ambulan ɗin, da sunan ƙanwar, da inda ya samo. Ya tambaye ta ko da boko zai rubuta ko da ajami. Ta ce ya rubuta da duka biyun.