Abílio Ya Gyara Rufi

Shekara goma sha tara Ƙungiyar Gyaran Rufin Coci tana nan da ranta, kuma ko ƙusa ɗaya ba a taɓa bugawa ba. Ermelinda ce ma'aji, tsohuwar malamar makaranta, ita ta san dalili.

Duk watan Agusta 'yan garin da ke aiki a Faransa kan dawo hutu. Lahadin farko sai Ermelinda ta jera bokitai a tsakiyar coci, ko da an yi wata biyu ba a ga hadari ba. Su ɗaga kai su ga ɓuli a rufi, ido ya kawo ruwa, hannu ya shiga aljihu. Yuro dubu shida, wata shekarar bakwai. Da kuɗin ake zuba wa tsohuwar motar ƙungiya mai, ta kai Baba Tibério wankin ƙoda a birnin Bragança sau uku a mako. Sau ɗaya Ermelinda ta gwada faɗin gaskiya, ta ce a taimaka da kuɗin mai. Yuro tamanin aka tara, wani ya ƙara mata da shawara.

Kwatsam sai ga Abílio, ɗan garin da ke aikin gini a birnin Lyon na Faransa, ya yi kuɗi har da tumbi. Bai tambayi kowa ba, ya sauke leburori huɗu da mota cike da katako.

"Malama, ki huta haka nan," in ji shi. "Kyauta zan yi!"

"Kai Abílio, wa ya aike ka? Tun kana aji uku ba ka iya zama wuri ɗaya ba."

Ya ɗauka wasa ne, ya rungume ta. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta tuna rabin kuɗin shekarun nan daga aljihunsa suka fito. Ta fasa.

Kwana biyar aka gama. Aka gasa alade, aka sha giya, kuma ita aka miƙa wa jawabin godiya. Ta karanta tana jin kamar ta shaƙe Abílio.

Da Agusta ta zagayo, kowa ya ɗaga kai, ya yaba, ya fita abinsa. Ɗan kuɗin da ya rage ya lallaɓa da su zuwa Nuwamba.

Wata Lahadi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta zauna kusa da Baba Tibério a coci.

"Baba," ta ce a hankali, "daga Laraba babu mai."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi rufin.

"Yaron nan ya iya aiki, Malama. Ranar jana'izata ba wanda zai jiƙe."