Hajiya Tana Bayan Shinge

Kawu Chaïbou ya yarda Salifou ya riƙa harbin gwangwani a bayan gidansa na Pleasant Garden a Amurka, har ranar da wata maƙwabciya ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallo.

"Ko ka daina, ko ka nemo harsashi marar ƙara," in ji Kawu. "A wannan zamani a ce Musulmi na harbi? Polis za su kwashe mu duka."

Da Salifou ya tashi daga aikin sito a Wendover, sai ya shiga kantin kayan farauta. Ya ce yana son harsashin ƙaramar bindiga wanda ba ya tashin unguwa. Mai kantin ya dube shi har Salifou ya fara neman ƙofa da ido. Can ya ajiye kwali biyu. Ɗaya yana da 'yar ƙara amma yana zuwa daidai, ɗayan kuwa ƙararsa ba ta fi ta tafa hannu ba. Salifou ya ɗauki na biyun ya fita da sauri.

Kakarsa Hajiya Tchima, wadda ta zo daga Maraɗi, ta yi garkar yakuwa da tumatir a bayan shingen katakon da yake jera gwangwanayen a kai. In ta ji harbi takan zauna a ɗaki, in ta ji shiru ta ɗauki kwanonta ta fita. Ba wanda ya gaya mata an canza harsashi.

Bayan la'asar ya fara. Taf. Taf. Har yana murmushi, ko tsuntsu bai tashi ba. Ya sake dannawa, sai ya ji ƙarar kwano daga bayan shinge, da muryar tsohuwa: "Innalillahi!"

Sai shiru.

"Hajiya?"

Ya jefar da bindigar, ya zagaya shingen yana dafa katako. Tana zaune dirshan tsakanin yakuwa, ja ya ɓata mata gaban zane. Ya durƙusa kusa da ita.

"Maigida," ta ce a hankali, "haka ake sakin mata a Amurka?"

"Hajiya, ina ne? Ina ya same ki?"

"Ka duba mini kai. Ni ba na jin jikina."

Ya ɗaga hannayenta ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wuyanta, ya duba gefen cikinta. Ya lakato jan ya kai hanci. Tumatir ne. Kwanon na gefe a kife, harsashin ya huda shi ya fita ta ɗaya ɓangaren.

"Babu komai, Hajiya. Wallahi babu komai."

"Sake dubawa, ja'iri."

Ya sake. Sai a lokacin ta kama rigarsa da hannu biyu, ya yi ya yi ya ɗaga ta, amma shi ma ya kasa tashi.